Kwalbar Inabi a Kan Tebur: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da bukukuwan aure da Kirsimeti da liyafar ƙarshen shekara ke haɗuwa a Jos, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan karkata wuri guda, wato abin sha na kwalba, musamman na inabi. Masu tambayar akwai Musulmi akwai Kirista, akwai masu biki, masu girki da ma'aikatan gidajen cin abinci. Hukuncin addini na malamai ne da shugabannin coci. Namu shi ne bayanin abin da ke cikin kwalbar da yadda yake tafiya da abinci.

An ba ni kwandon kyauta a wurin aiki, a ciki akwai baƙaƙen kwalabe biyu masu hoton inabi, kamar tagwaye. Ni da iyalina ba ma shan giya. Yaya zan gane mai barasa ba tare da na buɗe ba?
*Ma'aikaci, Anguwan Rogo*

Malam, kada ka bi ta siffar kwalba ko hoton da ke jikinta, domin kamfanoni da gangan suke yin su iri ɗaya. Juya ta ka nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari, yawanci kusa da haruffan "vol" ko "alc", a ƙasan takardar gaba ko ta baya. Wannan lambar ita ce yawan barasar da ke ciki.

Abin da ake sayarwa a irin wannan kwalba kashi uku ne. Akwai giyar inabi ta ainihi: an matse inabi, yis ya cinye sukarinsa ya mayar da shi barasa da iska. Yawancinta tana tsakanin 11% da 15%. Amma ka kula, akwai masu zaƙi da kumfa, irin waɗanda ake yi da inabin Moscato a Italiya, da barasar yawancinsu take wajen 5% zuwa 7%. A baki kamar lemo suke, kuma su ne suka fi yaudarar mutane a wurin biki, har a zuba wa yara.

Akwai kuma ruwan inabi da aka ɗura wa gas, wanda bai taɓa tsumuwa ba. Shi ne irin su Eva da Chamdor da Pure Heaven da aka saba gani a teburin ɗaurin aure. A jikinsa za ka ga "sparkling grape juice" ko "grape drink", da jerin kayan haɗi, da ranar lalacewa.

Na ukun shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. An yi giyar ne har ta kammala, sannan aka cire barasar da na'ura. Barasa tana tafasa a digiri 78, amma idan aka zuƙe iskar tukunyar sai ta tashi a ɗan ɗumi kaɗan, ta fita ba tare da an dafa ruwan ba. Irin wannan ana rubuta masa "dealcoholised" ko "alcohol removed", kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda ya rage har 0.5% a ciki. Saboda haka kwalba mai 0.5% da mai 0.0% ba ɗaya ba ne. In za ka kai wa malaminka tambaya a kan wannan kashi na uku, ka gaya masa duka biyun: asalinsa giya ne, kuma ga abin da ya rage.

Idan takardar ta yage, ko babu lambar barasa kuma babu lambar NAFDAC, kada ka buɗe wa iyalinka.

Zan aurar da 'yata, muna sa ran baƙi 200 a wurin dina. Kwalba nawa ta inabi marar barasa zan saya, kuma yaya za a sanyaya su ganin halin wutar lantarki?
*Uwar amarya, Rikkos*

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kwalbar da aka saba tana ɗaukar mililita 750, wato kofi shida in ana zuba mililita 125. Baƙi 200 a tebur mai mutum goma tebur 20 ke nan. Kwalba biyu a kowane tebur za su ba da kofi 12, kowa ya samu har a yi ragi. Kwalba 40 ke nan, sai ki ƙara takwas saboda babban tebur da baƙin da ba a lissafa ba. Ki tambayi mai shago adadin da ke cikin katan kafin ki biya, don wani katan 12 ne, wani shida. Ruwan sha kuma ya fi komai yawa, aƙalla roba biyu ga kowane baƙo.

Sanyayawa ba ta buƙatar firji. A samu manyan robobi ko kula, a zuba ƙanƙara rabi ruwa rabi, a watsa gishiri cikin hannu ɗaya ko biyu, a nutsar da kwalaben har wuya. Cikin minti 20 zuwa 25 sun yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jibga kwalabe a kan busasshiyar ƙanƙara babu ruwa. Ƙanƙarar ba ta taɓa jikin kwalbar sai a wurare kaɗan, sai a yi awa guda ciki bai yi sanyi ba. Kada kuma a manta da kwalba mai gas a cikin firiza: ruwan in ya daskare yana kumbura, ya ture marfin ko ya fasa gilashin.

Wajen buɗewa muna roƙon a hana samari girgiza kwalba don ta yi ƙara. Matsin iskar da ke cikin shamfen na ainihi ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku. Na ruwan inabi bai kai haka ba, amma toshen da ya ƙwace zai iya raunata ido, kuma kwalbar da ba ta yi sanyi ba ta fi tunzura. A cire takardar saman, a ɗora babban yatsa a kan toshen tun kafin a warware wayar, a karkata bakin kwalbar inda babu mutum. Sai a riƙe toshen da tsumma da hannu ɗaya, a juya kwalbar daga ƙasa da ɗaya hannun. Toshen zai fita a hankali, kuma ba za a yi asarar kofi guda a kan leshin amarya ba.

In a fili za a yi dinar cikin Disamba, ki tuna da sanyin Jos. Bayan ƙarfe takwas na dare dattawa shayi mai citta za su nema, ba abu mai ƙanƙara ba. A tanadi filas.

Ina girkin biki shekara da shekaru. Na lura ana barin jan ruwan inabi rabi a kwalba, wasu suna cewa yana gundurarsu da shinkafa, wasu kuma sun ce da tsire bakinsu ƙara zafi yake yi. Akwai wata ƙa'ida ta haɗa abin sha da abinci?
*Mai girki, Bukuru*

Akwai, Malama, kuma laifin ba na girkinki ba ne. Ƙa'idar da masu giyar inabi ke bi a Faransa ita ce dai ke aiki a kan zobo da kunu, domin harshe ba ya tambayar sunan abin da aka zuba masa. Abin da yake ji shi ne tsami, zaƙi, bauri, gas da sanyi, sai yadda waɗannan suka gamu da maiƙo da yaji da gishirin abinci.

Mu fara da gundurar. Tsantsar ruwan inabi yana ɗauke da sukari kusan giram 15 a kowane mililita 100, ya fi lemon kwalba da aka saba, wanda ke wajen giram 10 zuwa 11. Ki ɗora wannan zaƙi a kan jalof da soyayyar kaza, maiƙo ya haɗu da sukari, baki ya yi nauyi tun a loma ta biyar. Abin da ke wanke maiƙo daga harshe tsami ne, gas kuma yana taya shi. Don haka ga jalof, soyayyar shinkafa, soyayyen dankalin Bokkos da kaza, farin inabi ya fi ja, mai sanyi sosai. Ya fi kyau ma a sirka shi: kashi biyu inabi, kashi ɗaya ruwan soda, a matsa lemon tsami guda a kowane jog. Ruwan tsamiya da ba a cika masa sukari ba shi ma yana wannan aiki, a kuɗi kaɗan.

Zafin yaji wata magana ce daban. Sinadarin da ke sa barkono da attarugu zafi ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Gas kuma tsikarin harshe yake yi, sai ya ƙara wa wurin da yaji ya riga ya kama raɗaɗi. Barasa ma haka take yi. Abin da ke kwantar da yaji shi ne abu mai ɗan maiƙo da ɗan zaƙi marar gas, kuma madara ta fi kowa, don furotin ɗinta yana ɗauke sinadarin daga harshe. Tsire mai yaji da yawa, kilishi da farfesun kayan ciki abokansu fura da nono ne, ko kindirmo da aka dama da ruwa-ruwa, ko kunun aya mai sanyi. A ganinmu babu kwalbar waje da ta kai kunun aya dacewa da kilishi, kuma abin takaici ne yadda ake jin kunyar kai shi babban tebur.

Bauri kuma shi ne wannan bushewar baki da ake ji bayan cin goro ko shan shayin da ganyensa ya daɗe a ruwa. Sinadarin tanin ne ke kawo shi, yana kama furotin ɗin yawu sai baki ya ji kamar an goge shi. In akwai nama mai kitse a baki, tanin ɗin can yake komawa, baurin ya lafa, kitsen kuma ya daina gundura. Shi ya sa balangu, gasasshen rago da naman kai suke son abin sha mai bauri da tsami: zobo mai kauri da ba a cika wa sukari ba, ko shayi mai ƙarfi a bayansu. Kifi kuwa ba ya son bauri ko kaɗan. Gasasshiyar tarwaɗa ko karfasa ki ba su abu fari mai tsami, na lemon tsami ko farin inabi.

Tuwo fa? Miyan kuka, kuɓewa da karkashi suna da yauƙi da ƙanshin daddawa, kuma zaƙin inabi faɗa yake yi da su. Tuwon acca da miyan kuka ruwa yake so, sai an wanke hannu a kawo abin zaƙi. Gwate ya riga ya zo da tsamin yakuwa da ɗacin gauta, kada a ƙara masa wani tsamin, kunun zaƙi ya ishe shi. Masa da miyan taushe, mai kabewa da gyaɗa, tana karɓar lemon citta da kyau, don yajin cittar yana yanke kaurin gyaɗar.

To ina jan ruwan inabin zai shiga? Wurin kayan zaƙi. Abin sha in bai kai abincin zaƙi ba, tsami da lami yake komawa a baki. Kek, alkaki, nakiya da dubulan su ne za su iya tsayawa da shi. Ki gwada wannan a biki na gaba: a riƙe jajayen kwalaben, kada a jera su tun farko, sai lokacin yanka kek a fito da su da sanyinsu.

Na samu aikin sabis a wani gidan cin abinci da ake sayar da giyar inabi. Baƙi suna tambayata wacce za ta dace da abin da suka yi oda, ni kuwa sunayen ma ruɗa ni suke yi. Ku taimaka mini da abin da ya kamata in sani.
*Matashi, Rayfield*

Ɗan'uwa, fara da launi. Ruwan yawancin inabi, har baƙi, fari ne idan an matse shi. Ja tana samun launinta ne saboda an bar ɓawon a ciki lokacin tsumuwa, kuma daga ɓawon da 'ya'yan take samun bauri. Fara ana raba ta da ɓawon tun farko, shi ya sa ba ta da bauri sai tsami. Mai ruwan hoda, wadda ake rubuta wa "rosé", awoyi kaɗan ta yi da ɓawon. Mai kumfa kuma an tsare iskar tsumuwa ne a cikinta. Sunan Champagne na yankin Champagne ne kaɗai a Faransa. Ta Italiya da ka fi gani Prosecco ce, ta Sifaniya Cava.

Ruɗanin sunaye daga nan yake: ƙasashen Turai sun fi rubuta sunan wuri, sauran ƙasashe sunan inabi. Jar Bordeaux yawanci haɗin Cabernet Sauvignon da Merlot ce. Jar Burgundy inabin Pinot Noir ce, fararta Chardonnay. Chianti ta Italiya Sangiovese ce, Rioja ta Sifaniya Tempranillo. Kwalaben Afirka ta Kudu, waɗanda suka yi yawa a kasuwarmu, kai tsaye suke gaya maka: Chenin Blanc, Sauvignon Blanc, Shiraz, ko Pinotage, wanda irin can ne, an samar da shi a Stellenbosch a 1925 ta hanyar aure tsakanin Pinot Noir da Cinsaut.

Kalmar "dry" a kwalba tana nufin yis ya cinye kusan duk sukarin, babu zaƙi. A masu kumfa akwai tarko: "Brut" ba ta kai giram 12 na sukari a lita ba, "Extra Dry" tana da 12 zuwa 17, "Demi-Sec" 32 zuwa 50. Wato "Extra Dry" ta fi "Brut" zaƙi. Tambayar farko da za ka yi wa baƙo ita ce yana son mai zaƙi ko marar zaƙi, domin a nan aka fi mayar da kwalba.

Ga abincinmu, Cabernet Sauvignon, Shiraz da Pinotage na jan nama ne mai kitse wanda yajinsa bai yi yawa ba. Idan tsiren ya sha yaji, ja mai 14% za ta hura wutar bakin baƙon. Ka ba shi shawarar mai ruwan hoda mai sanyi, ko fara mai ɗan zaƙi da ƙarancin barasa, irin Riesling. Farfesu ma haka. Kifi da salak na Sauvignon Blanc ne ko Chenin Blanc. Jalof, saboda tsamin tumatir, tana tafiya da mai ruwan hoda ko ja marar nauyi kamar Pinot Noir. Duk abin da aka soya yana son mai kumfa.

Sanyi: mai kumfa digiri 6 zuwa 8, fara da mai ruwan hoda 8 zuwa 12, ja 15 zuwa 18. Za ka ji ana cewa ja ba a sa ta a firji, a sha ta a yanayin ɗaki. Ɗakin Turai ake nufi. Da hunturu a Jos, garin da ke sama da teku da kusan mita 1,200, ɗakin ajiya zai iya kaiwa wannan sanyi da kansa. Amma a Maris da Afrilu ka sa ta a firji minti 20 zuwa 30 kafin ka kai tebur, in ba haka ba warin barasa ne zai rufe komai.

A tebur, nuna wa wanda ya yi oda takardar kwalbar kafin ka buɗe. Yanke dalmar wuyan a ƙarƙashin leɓen kwalbar, ka murɗa mabuɗin a tsakiyar toshen, ka ja a hankali. Zuba masa kaɗan ya ɗanɗana. Wannan ɗanɗanon don a gano lalacewa ne: in tana warin jiƙaƙƙen kwali toshen ya ɓata ta, in ta koma ruwan ƙasa tana warin khal iska ta shige ta. Irin wannan a canza ba gardama. Sannan ka zuba wa sauran, kashi ɗaya cikin uku na kofi, ka ƙare da mai oda.

Akwai amanar da ke wuyanka fiye da duk wannan. Kofi guda na mililita 150 mai 12% yana ɗauke da tsantsar barasa mililita 18, kuma jiki yana buƙatar fiye da awa guda kafin ya sarrafa ta. Kada ka dinga cika kofin wanda ka ga makullin mota a gabansa, kada ka zuba wa yaro, kuma a teburin da aka haɗu masu sha da marasa sha ka faɗi da bakinka wace kwalba ce mai barasa kafin ka tsiyaya wa kowa.

Kun sha yabon zobo. Yaya zan haɗa wanda zan kai tebur da nama, ba irin mai zaƙin nan na roba ba?
*Amarya, Dadin Kowa*

'Yar'uwa, ga awo na lita biyu. Busasshen zobo mai duhu giram 60, kanumfari guda shida, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa a daddake, kirfa ɗan gutsure, jakar baƙin shayi biyu, sukari giram 60 zuwa 80, gishiri ɗan tsunkule, da jan ruwan inabi marar gas kofi guda in akwai.

Ki ɗauraye zobon a ruwan sanyi da sauri don yashi ya fita. Kada ki jiƙa shi, launin zai bi ruwan wankin. Ki tafasa ruwan da kanumfari da citta da kirfa minti goma, ki sauke, sannan ki zuba zobon ki rufe minti 25. A minti biyar na ƙarshe ki jefa jakunkunan shayin. Su ne za su ba shi baurin da zai tsaya da nama, amma in suka wuce minti biyar ɗaci zai biyo baya. Ki tace da ƙyalle mai laushi, ki sa sukari da gishiri tun yana da ɗumi, in ya huce ki ƙara ruwan inabin. Gishirin ba don a ji shi ba ne, yana dushe ɗaci ne ya fito da ƙanshi. A sha shi da sanyi matsakaici, ba mai kashe haƙori ba.

Abubuwa uku ke ɓata shi. Dogon tafasa yana kashe ƙanshin zobo ya dushe launinsa. Tukunyar dalma kuma tsamin zobo yana cin ta, ruwan ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe, don haka ki yi amfani da ta sitil. Sai kanwa: wasu suna jefa ta don rage tsami, kuma tana ragewa, amma launin yana komawa duhu marar haske, kuma tsamin da aka kashe shi ne abin da ake nema a wannan haɗin. Kayan ƙanshin roba na abarba ko na ayaba ma ki bar su wannan karon.

Na yi zobo da abarba na ɗura a robobi, wuta ta ɗauke kwana biyu. Robobin sun kumbura, da na buɗe sai ya yi kumfa. Ya zama giya ke nan?
*Mai sana'ar zobo, Farin Gada*

Ya kama hanya, Hajiya. Akwai yis a iska da jikin 'ya'yan itace, musamman ɓawon abarba. In ya samu sukari da ɗumi sai ya fara aikin da yake yi a kan inabi, kuma iskar da ta kumbura robar da barasa tare ake haifarsu. Kusan giram 17 na sukari a lita ne ke zama 1% na barasa, saboda haka a kwana biyu abin da ya samu kaɗan ne, amma yana ƙaruwa kullum, kuma ba yis kaɗai ke girma a ciki ba. Zubar da shi za ki yi, kada ki sayar, kada ki sake tafasawa ki ƙara sukari.

Gaba, ki dafa ɓawon abarba tare da kayan ƙanshi maimakon zuba ɗanyen ruwanta a ƙarshe. Ki wanke robobi da ruwan zafi su bushe, ki sanyaya zobon da wuri, ki yi adadin da zai ƙare cikin kwana biyu ko uku a firji. Kunun aya ya fi zobo saurin juyawa nesa ba kusa ba, don ba shi da tsamin da zai kare shi. In babu ƙanƙara, yini guda ma ba ya kaiwa.

A littafin girki na ga an ce a zuba jar giya a miyar nama, wai barasar tana ƙonewa duka. Gaskiya ne? Da me zan maye gurbinta?
*Ɗalibar koyon girki, Tudun Wada*

Ba gaskiya ba ne. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ke amfani da su sun nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan 40% na barasar tana nan, bayan awa guda 25%, bayan awa biyu da rabi kusan 5%. Wanda ake kunna wa wuta a kasko ya ba da harshe, kusan 75% ke saura. In za ki ciyar da wanda ba ya shan giya, ki gaya masa ko ki canza haɗin.

Abin da giyar ke yi a miya shi ne kawo tsami da ɗan zaƙin 'ya'yan itace, da kankare ƙanzon naman da ya kama gindin tukunya. A madadin kofi guda na ja: romon nama kashi uku cikin huɗu na kofi, jan ruwan inabi marar gas kashi ɗaya, da khal babban cokali ɗaya. Zobo marar sukari ma yana yi, ya ba miyar launi. A madadin fara: romon kaza kofi guda da ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya, a sa lemon a ƙarshen dahuwa. Kada ki zuba ruwan inabi zalla, miyar za ta yi zaƙi kuma sukarin zai kama ya ƙone.

Ina da shago, kwalaben da na jera a taga wasu sun fara tsattsafowa ta wuya. Me ya jawo?
*Ɗan kasuwa, Terminus*

Rana ce, Alhaji. Zafi yana kumbura abin da ke ciki ya tura toshen, in dare ya yi sanyi ya koma ya ja iska. Haske kuma yana ɓata fararen da ke cikin kwalba mai garau. A taga ka jera kwalaben da babu komai a ciki, kayan sayarwa su zauna a ɗakin ciki, ƙasa-ƙasa, nesa da rufin kwano da janareta. Masu toshen ɓawon itace a kwantar da su don toshen kada ya bushe, masu marfin murɗawa su tsaya.

Ka kuma kula da inda kake sari. A Disamba 2023 NAFDAC ta rufe shaguna a kasuwar Cemetery ta Aba saboda haɗa jabun giyar inabi da lemo. Ka duba hatimin marfi, ka jera kwalaben katan guda ka ga ko cikarsu ta zo daidai, ka karanta sunan mai shigo da kayan. Tsofaffin kwalabe masu takarda a jiki su ne jarin masu jabu, don haka a yage takardar kafin a ba masu gwangwan.

Babanmu yana da ciwon sukari. Tunda babu barasa a ciki, zai iya shan na inabin a wurin biki?
*Ɗansa, Gangare*

Rashin barasa bai cire sukari ba. Kofi na mililita 150 na tsantsar ruwan inabi yana da sukari fiye da giram 20, wato sama da ƙaramin cokali biyar, kuma da yake ruwa ne nan da nan yake shiga jini. A zuba wa Baba ruwan soda mai sanyi da yankan lemon tsami da ganyen na'a-na'a a irin kofin da kowa ke riƙe da shi, ko zobon da muka bayar a sama ba tare da sukari da ruwan inabin ba. In yana shan maganin hawan jini, a tambayi likitansa kafin zobon ya zama na kullum, domin shi ma yana ɗan saukar da jini.